Auna Lafiyar Batirin Abin Hawa Mai Lantarki, da Abin da Ya Sami Wanda Bai Auna Ba

Lafiyar batir ita ce yawan wutar da yake iya riƙewa a yau idan an gwada da ranar da ya fito daga masana'anta. Caji kuwa shi ne abin da ke cikinsa a wannan sa'a. Mutumin Adar ya san madatsar ruwan da yashi ya cike: da damina ruwa ya kai baki, ido ya ga kogi, amma in yaro ya shiga iyakarsa gwiwa. Tsohon batir haka yake, allo na nuna kashi 100, ciki kuwa rabi laka ce. Mai wannan rubutu, mutumin Tama ta gundumar Buza, ya koyi wannan bambanci da ƙafarsa, don haka za a riƙa kawo shi a matsayin misalin abin da ba a yi.

Batiran ababen hawa galibi iri biyu ne. Akwai na dalma, mai nauyi da araha, wanda ake samu a babura da kekuna masu ƙafa uku. Akwai na lithiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, shi ne a cikin motocin lantarki na yau. Kowannensu ƙananan batira ne aka jera, kuma mafi rauni a cikinsu shi ke yanke wa sauran hukunci, kamar ayarin da gurgun raƙumi ke tsara wa zango.

Awon farko karanta abin da aka rubuta a jiki. Batirin da ke ɗauke da 60V 20Ah yana riƙe wat-awa 1,200 yana sabo, wato 60 sau 20. Da wannan adadi ake gwada duk abin da zai biyo baya. Marubucin, ranar da ya sayi babur ɗan gwanjo a Madawa, bai karanta ba. Ƙwanƙwasa akwatin batirin ya yi da yatsa ya kasa kunne, yadda ake zaɓen kankana. Dillali ya ce, "Malam, ka ji ƙarar? Sabo fil." Ya gyaɗa kai irin na masana.

Awo na biyu na ido ne da hanci. A buɗe akwatin a duba kumburi, tsagewa, farin gari a kan sandunan haɗi, da warin ƙuna. Batirin lithiyam da ya kumbura ba a sake yi masa caji, domin yana iya kamawa da wuta. Akwatin babur ɗin nan an naɗe shi da sabon salatif, marubucin kuwa ya ɗauki haka alamar tsafta.

Awo na uku da mita ake yi, kuma nan ne aka fi yi wa rogo kallon kitse. Batirin dalma mai bolt 12 yakan nuna kusan 12.6 in ya cika ya huta. Sai dai wanda ya gaji ma yakan nuna haka, musamman in yanzu aka cire shi daga caji. Gaskiyarsa ba ta fitowa sai an ɗora masa aiki: a jona masa ƙwan fitilar mota, ana kallon mita. Mai lafiya zai ɗan sauka ya tsaya, mara lafiya zai zube ƙasa da 10.5 nan take.

Awo na huɗu tafiya ce. A cika batir, a bi hanyar da aka san tsawonta, da kayan da aka saba ɗauka, a haɗa da hawan tudu. Gwajin marubucin zagaye ɗaya ne na bakin kasuwa, a gangare, iska na bayansa. Da la'asar ya kama hanyar gida, fitilun nuna caji biyar kore shar, yana ɗaga wa masu kabu-kabu hannu cikin tausayi, don su har yanzu bayin mai ne. A tudun farko fitilu biyu suka mutu tare. A na biyu babur ya yi kukan sauro ya tsaya, kilomita 9 cikin 60 da aka yi alkawari. Ya tura har rigarsa ta manne a baya, sannan wani dattijo ya iso da amalanken jaki cike da albasa.

"Ɗana, man ne ya ƙare?"

"Baba, wannan ba ya shan mai."

Dattijon ya dubi babur, ya dubi jakinsa. "Nawa ma ba ya sha. Amma ka ga yana tafiya."

Bayan isha'i aka shiga gari, babur kwance kan buhunan albasa, mai shi na biye da ƙafa, yara na rakiya.

A mota aikin ya fi sauƙi, domin kwamfutar da ke kula da batir tana ajiye lissafi. Nissan Leaf, wadda ta fito a 2010, tana nuna lafiyar batir da sanduna 12 dabam da na caji, kuma ta farko takan ɓace in ya sauka wajen kashi 85. Ana kuma jona ƙaramar na'ura a kafar OBD da ke ƙasan sitiyari, a karanta adadin a waya, har da bambancin da ke tsakanin ƙananan batiran. Yawancin kamfanoni kan ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, bisa cewa batir ba zai gaza kashi 70 ba.

Babban abokin gaban batir zafi ne. A 2012 masu Leaf a jihar Arizona ta Amurka sun koka da saurin tsufan nasu, kuma bazarar jihar Tawa, inda zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, ba ta fi sauƙi ba. Shi ya sa ake ajiye abin hawa a inuwa, a bar batir ya huce kafin caji. Na lithiyam ya fi daɗewa in ana riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80, na dalma kuwa so yake a cika shi bayan kowace tafiya, kada ya kwana babu wuta.

Batirin da ya gaza wa hanya yakan yi sauran amfani a gida. Da mai gyara ya yanke salatif ɗin nan, ya tarar da batira biyar, ɗaya ya kumbura kamar burodi, huɗu da sauran numfashi. Huɗun yanzu suna haɗe da farantin sola, suna kunna ƙwai biyu da cajin wayoyin maƙwabta. Babur ɗin yana zaure, kaji na kwana a kansa.