Wakilin Marayu da Takardar Gado

A wani gari an yi wani babban manomi da ya rasu ya bar gandu mai faɗi, da rumbuna bakwai, da rijiya, da 'ya'ya ƙanana masu yawa. Bayan an share makoki dangi suka hallara gaban alƙali, aka rubuta takardar gado, aka danƙa dukiyar da marayun a hannun ƙanen mamacin. A cikin takardar an rubuta cewa duk bayan 'yan shekaru magada za su zauna, su duba yadda aka riƙe musu amana, su bar wakilin ko su sauya shi.

Baffan nasu ba azzalumi ba ne. Bai bar su da yunwa ba, har ma ya ɗauko malami ya koya musu karatu da rubutu da lissafi. Wata rana malamin ya same shi a zaure ya ce, "Alhaji, yaran nan sun fara haɗa baƙi. Ka ba ni takardar gadon in riƙa karanta musu, in zaga da su iyakar gona, su san abin da yake nasu da abin da ya rataya a wuyansu."

Baffa ya ce, "Malam, wannan ba na gaggawa ba ne. Koya musu abin da za su ci abinci da shi. Yaro in ya san irin waɗannan abubuwa da wuri, sai ya fara ɗaga wa manya murya."

Malamin bai gaji da tuni ba. Daga baya Baffa ya yarda a ware ɗan lokaci gab da tashi, sa'ad da yara suka gaji, su haddace sunayen gonakin. Amma ba a kai su sun gani ba, takardar kuma tana ƙasan adaka.

Yara suka girma. Kowace kaka Baffa kan zauna a gindin rumbu ya auna wa kowa 'yan mudaye, su durƙusa su ce, "Allah ya ƙara arziki, Baffa." Da igiyar guga ta tsinke suka ce rijiyar Baffa ce, shi zai gyara. Da gara ta kama gindin rumbu, kowa ya gani ya wuce. Wasu ma kan zari dami da dare su kai kasuwa, zuciyarsu ba ta gaya musu cewa 'yan'uwansu suke yi wa sata ba. Ranar zaman magada kuwa, yawancinsu ba sa zuwa. 'Yan kaɗan da suka zo a ba su gishiri da sabulu, su ɗaga hannu, a watse.

Wata shekara da hunturu, gobarar daji ta taso cikin dare ta kama jinkan rumbu. Baffa ya tsufa, ya fito yana dogara sanda yana kururuwa: "Ku kawo ruwa! Dukiyarku ce ke ƙonewa!" Samari majiya ƙarfi suka yi cirko-cirko. Waɗanda suka ruga rijiya suka tarar babu igiya. Babban cikinsu ya matso, muryarsa na rawa, ya ce, "Baffa, yau muka fara jin wannan magana daga bakinka."

Rumbuna biyar suka ƙone ƙurmus. Da gari ya waye Baffa ya aika aka kira malamin, ya buɗe adaka ya miƙa masa takardar, ya ce, "Malam, ka yi gaskiya. Tara mini jikoki, ka fara da su."

Mu ma muna da takarda. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya faɗa a sashe na 14 cewa iko na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ƙarfinta, kuma tsaronsu da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa ta. Sashe na 24 ya jera abin da ke wuyan ɗan ƙasa, har da biyan haraji da taimaka wa hukuma wajen kiyaye doka. Sashe na 69 ya ba masu zaɓe damar yi wa sanata ko ɗan majalisar wakilai kiranye. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar tambayar ma'aikata yadda ta kashe kuɗi. Ɗalibi nawa ne ke gama makarantar gwamnati da sanin haka?

Darasin sanin haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa yana cikin manhaja, har ana rubuta shi a jarrabawar WAEC da NECO. Sai dai a makarantu da yawa shi ake jingina wa duk malamin da ya rage, a cika allo da ma'anoni, yara su kwafa su haddace. Darasin Tarihi ma ya shafe sama da shekara goma ba ya tsaye da ƙafarsa a firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi. Ga abin da muka girba: a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Ana kwance kwanon rufin aji da wayar lantarki ido na ganin ido, a ce ai kayan gwamnati ne.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano don jama'a su san yadda ake mulki bisa adalci. Malam Aminu Kano daga aji ya fito, ya koyar a Bauchi da Maru, kafin ya shiga ƙauyuka yana gaya wa talaka cewa yana da haƙƙi kuma yana da baki.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin masu riƙe da amanar makarantu ba. A horar da malamai na musamman, a ba darasin lokacin safe. A fassara muhimman sassan kundin zuwa harshen da yara ke ji. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, kowace makaranta tana cikin ɗaya: a kai ɗalibai sakatariya su ga kansilansu, a kai su kotu su ga shari'a, su zaɓi shugabanninsu na makaranta da ƙuri'a, su ƙirga da hannunsu.

Mai gudun kada yara su iya tambaya ya tuna cewa wanda ya san abu nasa ne zai tambaya, kuma shi ne zai tsare shi ranar da hukuma ke neman mataimaki.