Daren da Hita Ta Yi Yaji

Shekara da shekaru ina zaman haya a jihar Minnesota ban taɓa tambayar daga ina ɗumin ɗaki yake fitowa ba. In sanyi ya dame ni sai in murɗa wani ɗan abu a bango, in bai yi ba in buga wa mai gida waya, shi ke nan. A ƙarshen 2018 uwargida ta matsa mini lamba muka ci bashin banki muka sayi namu gidan a birnin St. Paul. Ranar da aka damƙa mini makulli har hoto na tura Kano, 'yan'uwa suna ta sanya albarka. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya tuna mini cewa daga ranar ni ne mai gidan da ake buga wa waya.

Hitar tana ɗakin ƙasa, wani akwatin ƙarfe da ya kai ƙirjina. Iskar gas take ƙonawa, fanka ta hura zafin ta cikin bututu zuwa kowane ɗaki. Iyakar sanina da ita ke nan, kuma muna zaman lafiya.

Sai ƙarshen Janairun 2019 ya zo. Iskar da ta saba zagaye can ƙuryar arewacin duniya ta kwance ta gangaro mana. Safiyar Laraba, 30 ga wata, ma'auni ya sauka digiri 28 ƙasa da sifili a lissafin Amurkawa, wato 33 ƙasa da sifili a namu. Makarantu suka rufe. Ma'aikatan gidan waya, waɗanda ake yi wa kirari da cewa ruwa da ƙanƙara ba sa hana su kai wasiƙa, ranar sun zauna a gida. A wannan daren, duk cikin darare na shekara, hitarmu ta ga ya dace ta yi yaji.

"Malam, tashi. Ba na jin hancina."

"Ja bargo."

"Duk bargunan gidan nan suna kaina. Har naka."

Na laluba na ji gaskiya ne. Na sa rigar sanyi a kan jallabiya, na ɗauki tocila da sukundireba, na sauka ƙasa da tafiyar mutumin da ya san abin da zai yi. Ya kamata mai karatu ya sani, ni ba baƙon gyara ba ne. A gidanmu na Kano ni nake gyara fanka da rediyo, kuma dabarata ɗaya ce: a buga wa abu tafi a gefe. Na buga wa hita. Ta yi shiru. Na ƙara mata. Sai ga shi ta motsa.

Wata ƙaramar fanka ta fara kuka a ciki. Can sai wani ƙarfe ya yi jajir, aka ji ƙas, wuta shuɗiya ta kama a jere gwanin sha'awa. Na ɗaga murya na ce, "Hajiya, an gama!" Ban rufe baki ba wutar ta mutu. Ta sake gwadawa, ta kama, ta mutu. Bayan 'yan gwaje-gwaje ta daina gaba ɗaya, sai wata 'yar fitila ja da ke ƙifta mini ido ta wani ƙaramin gilashi.

"An gama me?" in ji ta daga sama.

"An gama gano matsalar."

Na fara da batirin na'urar bango, wadda suke kira tamostat. Na kwashe na rimot ɗin talabijin na zuba mata, sai muka tashi ba ɗumi ba talabijin. Na kunna murhun kicin don in ga ko gas aka yanke mana, ya kama lafiya lau. Na zaro matatar iska daga gefen hitar, na tarar ta yi baƙi ƙirin, har da gashin karen mutanen da suka sayar mana da gidan. Ashe abu ne da ake canzawa duk wata biyu zuwa uku, don in ta toshe zafi yakan taru a ciki har injin ya kashe kansa. Na kakkaɓe ta a jikin bango, na yi atishawa har hawaye, na mayar. Hita ba ta san ina yi ba.

Daga nan na kwance murfin gaba don in ga cikinta da kyau. Ina cirewa komai ya ɗauke, har 'yar jar fitilar. Na ce innalillahi, na ƙarasa ta. Sai da na daɗe ina salati kafin gwiwar hannuna ta danne wani maɓalli a bakin ƙofar, fitila ta dawo. Makunnin tsaro ne, an sa shi don kada injin ya tashi alhali a buɗe yake, wato don irina. Na kifa murfin a ƙasa na zauna a kansa, babban yatsa a kan maɓalli, ɗaya hannun riƙe da waya.

Ƙarfe biyun dare a St. Paul ƙarfe taran safe ne a Kano, saboda haka na kira ƙanena da ke gyaran janareto a Sabon Gari. Ya ɗauka da hular sanyi har kunne, yana kukan hunturun bana ya yi tsanani. Na haɗiye abin da ya zo bakina, na juya masa kyamara.

"Yaya, ta tashi ta mutu? Kafireto ce."

"Ba ta da kafireto."

"To fulogi."

"Ba ta da fulogi."

"Ina ake zuba mata baƙin mai?"

"Ba a zuba mata."

Ya yi shiru yana kallonta. "Yaya, wannan ba inji ba ne. Ka nemi malami."

A zauren WhatsApp na Hausawan garin ma ba a bar ni ni kaɗai ba. Wani ya ce tasa ta yi haka bara, dala dubu bakwai ya kashe. Wani ya turo addu'a. Wani dattijo ya ce in hura gawayi a kasko in sa a tsakar ɗaki, haka aka raine mu kuma ga mu. Har na fara tunanin inda buhun gawayin gashin namanmu yake, sai wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta turo saƙon murya tana faɗa kamar za ta fito daga wayar. Kuma tana da gaskiya. Ɗakunanmu na gida iska na shiga ta ƙasan ƙofa da ta saman taga, duk da haka kasko yakan kwantar da mutane. Gidan Minnesota kuwa a toshe yake ruf. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai take sa mutum, daga nan sai labari. Shi ya sa dokar jihar ta wajabta na'urar ƙararrawarta kusa da ɗakin kwana, cikin tazarar ƙafa goma. Ma'aikaciyar jinyar ta ce kada in kuskura in buɗe tanda ma don ɗumi. Ta ƙara da cewa in bar famfuna suna ɗiga, domin ruwa in ya daskare kumbura yake ya fasa bututu, kuma gyaran wannan ɓarnar sai ya sa in manta da kuɗin hita.

Na bi gida ina buɗe famfo. Muka tattara yara a ɗaki ɗaya da 'yar hitar lantarki. Sannan na sauke girman kai na fara kiran kamfanonin gyara, na tarar rabin gari ya riga ni. Wanda ya yarda zai zo ya gaya mini tun a waya cewa kuɗin taka ƙofata kawai dala 189 ne, na gaggawa, ko an gyara ko ba a gyara ba. Da rana ta fito aka ce kamfanin gas yana roƙon jama'a su rage zafin gidajensu zuwa digiri 63 a lissafin Amurkawa don gas ya ishi kowa. Ban taɓa bin umarnin hukuma da wuri haka ba. Namu gidan ya wuce nan tun asuba.

Wajen hantsi ya iso, wani saurayi da gemunsa ya yi fari da ƙanƙara. Ya sa leda a takalmansa, ya sauka, ya ce in ɗan ɗaga. Na tashi daga kan murfin. Ya juya shi, sai ga takarda manne a baya, an jera ma'anar kowace ƙiftawar jar fitilar: sau kaza matsalar kaza. Tun dare injin yake gaya mini ciwonsa, ni kuma ina zaune a kan fassarar. Har gobe ina ganin laifin wanda ya manna takarda a inda mutum zai zauna ne.

Ya kashe makunni ya kunna, ya kalli wutar ta kama ta mutu sau ɗaya tak. Ya kwance noti guda, ya zaro wani siririn tsinken ƙarfe mai lanƙwasa, bai fi tsawon yatsa ba.

"Yallaɓai, kana da takardar dala ɗaya?"

Zuciyata ta yi fari. Na ce ashe goro ya iso Amurka, kuma da araha. Na miƙa masa da hannu biyu. Sai ya naɗe tsinken da ita ya hau gogewa.

Yana gogewa yana bayani. Wannan tsinke shi ne mai shaidar wuta. Hita ba ta yarda ta bar gas a buɗe sai an tabbatar mata wuta ta kama, in ba haka ba gida ya cika da gas. Harshen wuta yana iya ɗaukar lantarki ɗan mitsitsi, shi ne yake bi ta tsinken ya kai labari ga ƙwaƙwalwar injin. In datti ya rufe shi, wuta na ci amma labari ba ya isa, sai a rufe gas cikin 'yan daƙiƙu, bayan 'yan gwaji kuma injin ya kulle kansa. Takardar dala auduga ce da lilin, tana da ɗan kaushin da zai cire dattin bai ci ƙarfen ba. Ya ce da ƙaramar fankar ce ta tashi amma ƙarfen bai yi ja ba, da waje zai fara dubawa, ko dusar ƙanƙara ta toshe bututun hayaƙi. Ya mayar, ya ɗaure noti, ya rufe murfi. Wuta ta kama ta zauna. Daga sama na ji uwargida ta rangaɗa guɗa, abin da ba ta yi ba ranar da na sayi gidan.

Sai ya ciro rasit. Taka ƙofa 189, gyara 120, jimla dala 309. Kaina ya buga lissafi da kansa: a canjin lokacin, wajen naira 360, ya haura dubu ɗari da goma, albashi mafi ƙanƙanta na wata shida a gida a wancan lokacin. Na tambayi kuɗin sabon tsinken, ya ce bai fi dala ashirin da wani abu ba.

Na gyara tsayuwa. "To, nawa za ka sallama?"

Bai gane ba. Na ce ɗari biyu. Ya ce kwamfuta ce ta rubuta. Na ce a gaya wa kwamfutar ni sabon mai gida ne. Ya yi dariya ya ce tun da na ambata, hitar ta tsufa, akwai sabuwa dala dubu shida da 'yan kai, ana iya biya wata-wata. Ban taɓa shiga ciniki aka ninka mini farashi sau ashirin ba sai ranar.

Zan yi masa adalci. Dala 189 ɗin nan halal ɗinsa ce. Duk wanda zai fito a sanyin da ya zaunar da ɗan gidan waya ya cancanci abin da ya nema, ni ko dubu aka ba ni ba zan leƙa ba. Amma 120 don shafa ƙarfe da kuɗina, wannan sai mun tsaya gaban Allah. Uwargida kuwa shayi ta haɗa masa da citta, tana ta "sannu da aiki, Injiniya", sunan da a da ni ake kira da shi a gidan.

Sai da motarsa ta sha kwana na tuna. Ya goge tsinke, ya ninke takardar, ya sa a aljihun gabansa. Da idona na gani.

Uwargida ta ce in bar wa Allah. Na ce ba don kuɗin ba ne, don haƙƙi ne. Washegari na kira ofishinsu na zayyana wa wata mata komai daga farko. Ta saurara da ladabi, ta ba ni haƙuri, na ji tana danna kwamfuta. Ta ce babu damuwa ko kaɗan, za a iya turo shi ya kawo mini ranar Litinin, kuma tun da ba gaggawa ba ce, kuɗin taka ƙofa dala 89 ne kacal.