Jinjina ga Sarkin Jera Haruffa

Ranka ya daɗe, sarkin tsari, sannu da ƙoƙari. Kai ne ka buɗe fayilolin C na ma'aikata, ka tarar da layukan #include a hargitse, ka rantse ba za a yi wannan rashin ɗa'a a gabanka ba. Ka saki clang-format a kansu, ka ce kowa ya bi layi daga A zuwa Z. Adalci ke nan, ba sani ba sabo.

Su Dennis Ritchie da suka ƙirƙiro C a Bell Labs wajen 1972, ai ba su kai ka hangen nesa ba. Su a saninsu, #include kwafo rubutun wani fayil yake yi ya liƙa shi daidai wurin, sannan kwamfaila ta bi daga sama zuwa ƙasa, abin da ba ta riga ta gani ba kuwa ba ta san shi ba. Tunanin mutanen da ke nan.

Dubi jpeglib.h, mai girman kai. Wai shi sai stdio.h ya riga shi shiga, don yana amfani da FILE da size_t amma bai ɗauko su da kansa ba. Ka kyauta da ka nuna masa J na gaban S. Kwamfaila ta ce ba ta san FILE ba? Jahilcinta ne.

Gwanintarka ta fi fitowa a Windows. D na gaban S, don haka windows.h ya hau kan winsock2.h. Shi kuwa windows.h ya janyo tsohon winsock.h a bayansa, sabon ya iso ya tarar an riga an bayyana sockaddr, allo ya cika da jan rubutu har ba a ganin ƙarshensa. Yaran ofis sun kwana suna laluben abin da ya fashe, ga ilimi kyauta. Har gargaɗin da wani ya rubuta a wurin, cewa kada a taɓa wannan jeri, ka share, domin yana ɓata kyan shafi.

Masu Python sun rubuta cewa Python.h ya zo kafin kowane fayil na tsarin C, masu PostgreSQL sun ce postgres.h ne farko. Son kai ne kawai, kada ka saurare su.

Saura cikin main, ranka ya daɗe. Mun ƙagu mu ga ranar da za ka jera shi shi ma, free ya riga malloc.