Nasiha Ga Mai Shagon Da Hajarsa Ta Yi Kwantai

Duk wanda Allah ya ƙaddara masa zaman shago a Mamudo, ko a wani gari irinsa da ke bakin titin da ya taso daga Potiskum ya nufi Damaturu, ba ya bukatar in yi masa dogon sharhi a kan kwantai, domin ya san yadda ake wayar gari a share ƙofa, a yayyafa ruwa, a kasa haja, sa'an nan a zauna ana kallon tireloli suna wucewa har a kira azahar ba a ji wanda ya ce "nawa?" ba. A cikin wannan hali Sallar da ta wuce ta bar ni, da turamen atamfa da yadin shadda waɗanda na saro daga Kantin Kwari, mafi yawansu suna nan a kan kanta suna shan ƙura, saboda haka na ga ya wajaba in rubuta wa 'yan'uwana masu ƙananan sana'o'i abin da na fahimta game da yadda ake motsa zuciyar mutum har ya sa hannu a aljihu. Ba zan tsaya a kan sakin fuska da tsabtar wuri da amsa sallama ba, don wanda bai san waɗannan ba sai dai a nema masa wata sana'a.

Shawara ta farko ita ce ka san ɗabaƙoƙin mutanen da ke tsayawa a ƙofarka, gama ba duk mai sallama ne mai saye ba. Mai saye na haƙiƙa ba ya da yawan magana: zai nuna abin da yake so, ya ji kuɗinsa, ya taya, ka ce albarka, ya ƙara kaɗan, ka sallama, ya biya ya yi gaba, kuma irinsa sun yi ƙaranci a wannan zamani har idan ka sami ɗaya ya kamata ka raka shi bakin titi. Akwai mai zuwa don inuwa da cajin waya, wanda ba ya cutar da kai da komai face ya cinye maka benci. Amma wanda ya fi kowa cin rai shi ne ma'abucin "bari in je in dawo." Za ka gan shi ya shigo da babbar riga da ƙamshin turare, ya ce, "Malam, sauko mini da wancan mai ruwan goro," ka taka kujera ka sauko da shi, ya ce a warware ya ga zanen, ka warware, ya murza gefen da yatsa biyu, ya ɗaga shi ga hasken rana, ya tambaya ko yana zuba, ya ce a kawo na kusa da shi kuma, har sai kanta ta koma tsibin tufa, kai kuwa gumi ya jiƙa maka taguwa. Daga nan ya ce, "To, nawa ne gaskiyarsa?" Ka faɗa masa gaskiyar da kai kanka ka san ribarta ba ta kai kuɗin shayi ba, ya yi shiru kamar mai nazarin wata mas'ala, ya ce, "Madalla, bari in je in dawo." Wallahi da dukan masu wannan alkawari za su cika shi a rana ɗaya, da sai an kira 'yan sanda su tsara layi daga ƙofar shagona har zuwa tasha. Maganinsa, gwargwadon abin da na gani, shi ne tun kafin ka taka kujera ka tambaye shi cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, na wane kimanin kuɗi kake nema?" Mai niyya zai faɗa, maras niyya kuwa zai tuna yana da uzuri.

A nan dole in tsaya a kan wata magana da kowane ɗan kasuwar Mamudo ya ji ta har ta gundure shi, wato "ai a Potiskum ya fi araha." Kusancinmu da wannan babban gari ni'ima ce, kuma jarrabawa ce, domin ko allura ka kasa sai an gaya maka akwai wadda ta fi ta tsini a cikin gari a rabin kuɗinta. Kada ka yi fushi, kada kuma ka zagi 'yan kasuwar Potiskum, don gobe a wurinsu za ka nemi ciko. Ka zaunar da shi ku yi hisabi tare: kuɗin Keke zuwa da dawowa, wanda ya sauya kama tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, da ruwan leda da zai sha, da wunin da zai ɓata, da tsarabar da yara za su tsare shi da ita in sun ji ya shiga gari. Sau da yawa idan an gama wannan lissafi mutum yakan yi dariya ya ce a naɗe masa, wani kuwa ya tafi Potiskum ɗin duk da haka, ya sayo da tsada, ya biyo ta ƙofarka da ledar a ɓoye cikin riga.

Shawara ta biyu, ka sani kuɗi suna da ranaku da watanni, kuma talla a ranar da aljihu ya bushe wahalar da maƙogwaro ce kawai. Ranar Laraba ake cin kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ake lissafa ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma wanda ya sayar da bijimi, da dillalin da ya karɓi la'ada, da yaron da ya kora dabbobi zuwa bakin mota, duk da nauyin aljihu suke komawa gida. To, yammacin wannan rana da wayewar Alhamis ba lokacin rufe shago a tafi ɗaurin aure ba ne. Haka kaka, in gero da wake da gyaɗa suka shigo gida, manomi yakan tuna da zanen uwargida da kayan ɗakin 'yarsa. Haka ƙarshen wata ga malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Kuma tun da ƙasarmu mahaɗar al'ummai ce, Ngizim da Karekare da Bolewa da Fulani da Hausawa da Barebari, ka koyi gaisuwar kowa da harshensa ko da kalma biyu ce, domin na sha ganin tsohuwa ta wuce shaguna uku ta tsaya a na huɗu saboda yaron shagon ya gaishe ta da harshen mahaifiyarta.

Ta uku ta shafi wayar hannu, kuma a nan zuciyata ta rabu biyu. Babu mai musun cewa WhatsApp da Facebook sun buɗe ƙofar arziki ga matan aure da ke cikin gida, waɗanda a da sai sun ɗora wa yarinya faranti a ka ta kewaye unguwa, yanzu kuwa daga tsakar gida suke nuna turaren wuta da humra da dubulan da kayan yara, a aiko yaro ya karɓa. Wannan alheri ne, ina kuma roƙon Allah ya ƙara musu albarka. Amma wa zai bayyana mini hikimar mutumin da ya ga hoton shadda, ga kuɗinta an rubuta a ƙasa da manyan lambobi, ga yawan yadinta, sa'an nan ya rubuto cikin tsakar dare ya ce "nawa?" Ka amsa masa da asuba, ya ce a turo wasu launuka, ka tashi ka ɗauki hotuna a rana don kada launi ya yaudare shi, ka tura da datar da ka saya da kuɗinka, alama ta nuna ya gani, daga nan kuma shiru har abada, sai dai kullum ka ga sunansa a sahun farko na masu leƙa abin da ka ɗora. Abin da zan iya cewa shi ne ka rubuta kuɗin kaya a fili, ka ɗauki hoto yadda kayan suke ba tare da ƙawar na'ura ba, don wanda ya ga kore shar a waya aka kai masa kore mai duhu ba zai sake saye ba, kuma zai gaya wa dangin matarsa.

Sai kuma batun biya. A farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har mai ƙosai ta koyi karɓar kuɗi ta waya, kuma shagon da ba ya da na'urar POS ko lambar asusu a manne a bango ya rufe wa kansa ƙofa. Ka tanade su. Amma kada kaya su bar hannunka don an nuna maka fuskar waya an ce "ga shi ya fita". Fitarsa daga can ba shigarsa nan ba ce, kuma kalmar "matsalar sabis ce, zai shigo" ta cinye jarin bayin Allah da yawa. Ka ba shi kujera da ruwan sanyi, ku jira tare.

Akwai hanyoyin jawo mai saye waɗanda suke aiki nan take, kuma ina gargaɗin 'yan'uwana da su nisance su, ko da kwantai ya kai inda ya kai. Malamanmu na Malikiyya, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid wadda ake karantawa a zaurukanmu, sun yi bayani filla-filla a babin ciniki cewa algus haramun ne, ɓoye aibin haja haramun ne, haka najashi, wato a sa wani ya tsaya yana ƙara taya alhali ba saye zai yi ba, don kawai baƙo ya ruɗu ya ƙara kuɗi. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya kuwa tsawata wa mai shi. Ga kuma rantsuwa, wadda ta zama gishirin bakin wasunmu: "Wallahi ko uwar kuɗi ban mayar ba," alhali ya ninka. Hadisi ya tabbata cewa irin wannan tana tafiyar da haja ta kuma tafi da albarka. A gari kamar Mamudo, inda wanda ka sayar wa da safe shi ne za ku haɗa kafaɗa a sahun magariba, mudun da aka buga wa gindi ba ya wuce mako bai zama labarin majalisa ba. Abin da ya halatta, kuma ya fi kowace lasifika kai saƙo nesa, shi ne gyara: ɗan ƙarin da mai awo ke zubawa bayan mudu ya cika, ko ƙyallen ɗankwali da za ka ɗora a kan turmi ka ce, "Hajiya, wannan na 'yar auta ne." Kafin la'asar duk matan gidan sun ji.

Na yi nufin in kawo shawara a kan allon suna da fenti, da wata a kan sanarwa a gidan rediyo, amma ga littafin bashi a gabana, kuma muddin yana nan sauran duk ƙananan mas'aloli ne. Masu koyar da dabarun kasuwanci suna ta faɗa mana yadda za a sa mutum ya so kaya, alhali a garinmu so ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Kowa yana so, kowa yana da biki ko suna a gabansa, abin biya ne babu, a shekarun da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 kamar yadda aka gani a 2024. Saboda haka hanya mafi sauri ta sayar da haja ita ce ka ce "ɗauka, ka kawo daga baya," kuma ita ce hanya mafi sauri ta rufe shago. Kawunka zai zo ya ce, "Ɗana, rubuta mini turmi biyu, sai an yi albashi," ina bakin da za ka ce a'a? Abokin mahaifinka zai ce sai kaka. Kaka ta zo ta wuce, ya ce wake bai yi ba. Maƙwabci zai aiko yarinya da magariba, lokacin da ya san kunya ba za ta bar ka ka mayar da ita hannu wofi ba. Wanda ya rasa, wallahi ba ni da magana a kansa, Alƙur'ani ma ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Maganata tana kan mai hali, wanda zai wuce ta ƙofarka sanye da shaddar da bai biya ba, an yi mata aiki a wuya, ya ɗaga maka hannu daga nesa, in kuwa ka yi ƙarfin hali ka tuna masa, ya ɓata rai ya ce, "Haba Malam, bashi hanji ne, yana cikin kowa," daga ranar kuma ya koma saye a shagon da ke kallon naka, da kuɗi hannu. Ka rasa kuɗinka, ka rasa cinikinsa, ka rasa gaisuwarsa, ga Alhajin da ya ba ka kaya a Kwari yana bugo waya. Shari'a ta kira jinkirin mai hali zalunci, kuma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa da shaidunsa ta sauka. Amma ka ɗauko biro a gaban dattijo ka ce za a sa rana, sai a ce ka raina manya. To, ka rubuta duk da haka, ka sa ranar biya, ka karanta masa ya ji, ka kuma yanka wa kanka iyakar da bashi ba zai ƙetare ba ko wane ne ya zo.

Ku kuma jama'a masu karanta wannan, in akwai wanda ya san sunansa yana cikin littafin wani mai shago, a Mamudo ne ko a wani gari, ina roƙonsa don girman Allah ya je ya rage ko da rabi ne kafin wata Sallah ta zo, in kuwa babu, ya je ya faɗi haka da bakinsa, ya daina sauya hanya.