Mu 'Yan Ƙungiyar Ciwon Ciki

Ranar da likita ya ce wa mutum ya rage yaji da maiƙo, ya koma cin abincin gida, ranar ake gane halinsa na gaskiya. Ciwon kusan iri ɗaya ne: ƙwarnafi, kumburin ciki, gyatsa mai tsami, da zafin nan da ke tasowa a ƙahon zuci da tsakar dare. Masu ciwon ne kowa da salonsa. Na yi layin asibiti da su, na ci tuwo a gidajensu, kuma kada in ɓoye muku, ni ma ina da katin ƙungiya.

Shugabanmu shi ne Alhaji mai kafa doka. Yana dawowa daga asibiti sai ya tara iyali kamar za a raba gado. "Daga yau ba attarugu a gidan nan, ba soye-soye." Ciwo nasa, hukunci na kowa. Yara su koma lasar miyar kuka salam suna kallon juna. Ana cikin haka wata rana Hajiya ta ɗauko babbar rigarsa za ta ba mai wanki, ta ga ɗigon mai a ƙirji, ta sa hannu a aljihu ta zaro takarda tana ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji.

"Alhaji, wannan fa?"

"Wani ne ya matsa mini. Tsinke biyu kacal."

Mai tsiren bakin titi kuwa har ya san yankan da Alhaji yake so, tun kafin ya kashe mota ake yayyafa masa albasa. Ashe dokar ba ta taɓa ƙetare zaure ba.

Maganinsa ita ce uwargida 'yar "ɗan kaɗan ne". A wurinta miyar da ba yaji ruwan wanke kwano ce, kuma ba za a zubar mata da mutunci a gaban maƙwabta ba. "Wallahi guda ɗaya na sa, don ƙamshi." Gaskiya ta faɗa, attarugu ɗaya ne. Ba ta dai lissafa citta da masoro da barkonon da ke cikin dakakken yajinta ba, ga dunƙulen magi huɗu, ga manja yana iyo a saman miya. Amma a yi mata adalci: yaji ba shi ke huda ciki ba, fama ciwon da ke akwai yake yi. Masu laifin na ainihi biyu ne, kuma za mu gamu da su.

Na farko wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, wadda wasu likitoci biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a birnin Perth na Ostareliya a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, cikinsa ya ɗauki ciwo, aka gani da ido. A 2005 aka ba su lambar Nobel. To, mu ma muna da namu mai kwankwaɗa, wato Dakta na WhatsApp. Bambancin kawai, Marshall ya san abin da ya sha. Namu kuwa ranar Litinin ruwan kabeji ne, Talata zuma da habbatussauda, Laraba wani ya turo masa murya cewa ɓawon ayaba ne sirrin da Turawa ke ɓoyewa. Madafin gidansa ya koma ɗakin gwaji, matarsa ta rasa injin markaɗen da za ta yi miya. Ka ce masa ya je a gwada shi, in ƙwayar ce a ba shi magungunan kashe ta haɗe da omeprazole na kamar mako biyu, sai ya ce maganin asibiti kwantar da ciwo kawai yake yi.

Mai laifi na biyu yana aljihun gwauro. Wannan bawan Allah ya sayi ƙaramin gas da niyya mai kyau, ya yi bankwana da mai shayi. Abin da yake dafawa dai Indomie ce da ƙwai uku, ƙarfe sha ɗaya na dare, ya ci a cikin tukunyar, ya miƙe a katifa ko hannu bai bushe ba. Abinci na neman awa biyu ko uku kafin a kwanta a kansa, in ba haka ba tsamin ciki ya hauro maƙogwaro. Da safe bayansa na ciwo, ya watsa ibuprofen ko diclofenac a cikin da ba komai. Su ne fa ke cinye fatar tumbi. Sannan ya ce jifa aka yi masa.

Akwai mai madara da kanwa. Zafi na tasowa ya dama madara, ya ji sanyi na ɗan lokaci, can cikin ya ƙara tsatso tsami don narka madarar. Sai ya koma ga jiƙon kanwa, ya yi gyatsa uku ya ce alhamdulillahi, ya manta kanwa 'yar'uwar gishiri ce, shi kuma yana da hawan jini.

Mai cewa "basir ne" ba ya buƙatar dogon bayani. Ciwon kai basir, kasala basir, faɗuwa zaɓe ma in ka matsa shi basir ne. Ganye dai ba zai ci ba, ruwa ba zai sha ba.

Wadda ke ba ni tausayi ita ce mai tsoro. Ta soke wake, ta soke tumatir, ta soke nono, ta soke lemo, har ta tsaya a kan koko ba sukari da farar shinkafa. Garin neman ƙiba ta samo rama, ga taurin bayan gida ya zo ya zauna.

Ni kuwa Allah ya haɗa ni da Iya. Ba ta san sunan kowace ƙwaya ba, amma ita ta kora ni asibiti da cewa tuwo ba ya aikin allura. Dabararta ƙaramar tukunya ce. Kafin yaji ya shiga miyar gida, ta ɗebi ludayi biyu ta juye gefe, ta ƙara daddawa da ɗan kifi. Wake ta jiƙa shi tun dare ta zubar da ruwan, don ya rage kumbura ciki. Yau ɗanyar kuɓewa, gobe faten tsaki da alayyafo, jibi kwaɗon zogale ba barkono, da yankan gwanda da la'asar. Tuwo ana idar da magariba, malmala ɗaya, in ka ce a ƙara ta ce gobe ma rana ce.

Jiya da dare ƙanena ya bar kwalbar yaji kusa da kwanona. Iya ta juya baya tana kwashe tuwo, na lallaɓa hannu a hankali.

"Ajiye, ɗan nan," in ji ta, ko waiwayowa ba ta yi ba.