Nazari a Kan Auna Ƙarfin Sabis da Kwamfutar Tebur, da Abin da Ya Biyo Baya

Ƙarfin sabis, wato ƙarfin saƙon rediyo da ke isowa cikin waya daga turken kamfanin sadarwa, ana auna shi ne da wani ma'auni da injiniyoyi ke kira dBm, wanda ake rubutawa da alamar ragi a gaban lamba, ta yadda lambar da ta fi kusa da sifili ita ce mafi ƙarfi. A tsarin 4G ma'aunin yana farawa daga -44 ya gangara zuwa -140, kuma da yake tazarar goma tana nufin ninki goma, saƙon da ke isa wayar mai -80 ya ninka na mai -110 sau 1,000, shi ya sa na farko ke hira a kishingiɗe alhali na biyun yana ta maimaita "kana ji na?". Sandunan da ke saman fuskar waya kuwa ba su da ƙa'ida guda, domin kowane maƙerin waya da yadda yake zana nasa, kuma tun shigowar wayar GSM Nijeriya a 2001 jama'a sun fi amincewa da hawa katanga da ɗaga hannu sama a kan amincewa da su.

Akwai manhajojin Android, irin su NetMonster da Network Cell Info, waɗanda ke karanto ainihin lambar daga modem, wato sashen da ke cikin waya mai magana da turke, su nuna ta tare da taswira. Mai wannan bincike, wanda ke da shagon buga takardu a ƙofar gidansu a gefen gari, ya ga cewa fuskar waya ta yi wa aiki mai nauyi irin wannan ƙanƙanta, sai ya yanke shawarar gudanar da shi a kwamfutar tebur. Da yake manhajar waya ba ta aiki kai tsaye a kwamfuta, ya girka manhajar kwaikwayo, wadda aikinta shi ne ta ƙirƙiro wayar ƙarya a cikin kwamfuta don masu ƙera manhajoji su gwada aikinsu.

Sakamakon farko ya faranta rai matuƙa, domin allon ya nuna sanduna cike fal a shagon da aka shaida cewa ko saƙon banki sai ya kwana a hanya kafin ya shigo. Saboda ƙa'idar ilimi ta hana dogaro da awo ɗaya, mai binciken ya ɗauki kwamfutar da allonta da doguwar wayar wuta, ya auna a zaure, ya auna a tsakar gida, ya auna a garken awaki, inda wata akuya ta nuna sha'awa ta musamman ga wayar linzamin kwamfutar, daga bisani kuma ya kafa tsani ya hau soro, ƙannensa biyu na miƙo masa kaya, janareta na ruri a ƙasa. A duk waɗannan wurare lambar ba ta motsa ba ko da ɗigo, abin da ya kai shi ga matsayar cewa Allah ya albarkaci gidansu da sabis mai adalci, wanda ba ya fifita wani lungu a kan wani.

An sanar da wannan matsaya a majalisar unguwa bayan sallar la'asar, kuma kafin magariba shagon ya cika da masu son kiran 'yan uwansu na Legas da Makka, kowa da wayarsa a kunne, babu wanda kiransa ya shiga. Da aka matsa wa mai binciken lamba ya kawo hujja, sai ya buɗe taswirar manhajar a gaban shaidu, ita kuwa ta tabbatar da cewa shagon yana garin Mountain View ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, daidai hedikwatar kamfanin Google. Liman ya nemi a bayyana masa yadda mutum zai yi irin wannan tafiya ba tare da ya yi sallama da kowa ba, wani dattijo kuma ya tambayi farashin buhun masara a can.

Bayanin kimiyya ya fito ne daga bakin ɗan 'yar uwar mai binciken, wanda ke koyon gyaran waya a kasuwa, inda ya durƙusa ya ce, "Kawu, Allah ya huci zuciyarka, ai kwamfutar nan ba ta da layi ba ta da eriya, da me za ta ji sabis?" Yaron ya buɗe wani shafi na saiti ya nuna cewa a manhajar kwaikwayo zaɓar ƙarfin sabis ake yi daga jeri, tun daga babu har zuwa mafi kyau, kamar yadda ake zaɓar tsoka a gaban mai balangu, kuma Mountain View ita ce mazaunin da ake ba kowace wayar ƙarya sai an canza mata. Mai binciken ya amsa cewa da ma ya lura da hakan, yana dai jiran ya ga ko yaran yanzu suna mai da hankali a wurin sana'a.

Hanyoyin awon da suka inganta guda biyu ne, kuma dukkansu sun dogara da na'urar da ke ɗauke da layi na gaske. Ta farko ita ce a bar manhajar a cikin waya, a haɗa wayar da kwamfuta da kebul, a yi amfani da manhaja irin scrcpy wadda ke hasko fuskar waya a babban allo. Ta biyu kuma ita ce a buɗe shafin saitin na'urar raba intanet mai amfani da layi, wanda a yawancin na'urorin Huawei ake samu a adireshin 192.168.8.1, inda sau da yawa ake ganin lambar. Da aka sake awon da wayar gaske, an gano cewa wuri mafi ƙarfin sabis a gidan shi ne jikin wata ƙusa a bakin tagar ɗakin kakar mai binciken, inda tsohuwar ta daɗe tana rataye ƙaramar wayarta a cikin safa. An nemi ta ba da aron ƙusar don amfanin ilimi, ta ce mutanen Kalifoniya su nemi tasu.