Kwana Biyu a Birni, Kowa da Halinsa

Daga ƙasar Tofa zuwa Ƙofar Kabuga ba tafiyar da ake yi wa guzuri ba ce. Mai bin titin Gwarzo zai wuce Janguza da barikinta, ya wuce sabuwar Jami'ar Bayero da Rijiyar Zaki, kafin ya gama tauna goro ɗaya ya ga birni. Wannan kusanci ne ya sa mutumin Tofa, ko na Lambu ko Doka ko Yanoko, yake bugun ƙirji cewa ya san Kano kamar yunwar cikinsa. In aka bi diddigi, saninsa bai wuce tasha da kasuwa da Asibitin Murtala ba. Ya kai kaya, ya sayo taki, ya dubo mara lafiya, ya juyo kafin magariba.

Hutun ƙarshen mako kuwa abin malaman makaranta ne da ma'aikatan sakatariya. Manomi bai san Asabar ba balle Lahadi, hutunsa sai amfani ya shiga rumbu. To amma in kaka ta yi kyau, akan samu 'yan majalisa ko ƙungiyar samari ko zuri'ar gida ɗaya su haɗa kuɗi, su ɗauki shatar bas, su ce wannan karon buɗe ido za su je, ba cefane ba. A cikin irin wannan bas ɗin ake ganin halin mutane.

Tun ba a tayar da mota ba jagora zai naɗa kansa. Shi ne wanda ya taɓa zaman koyon ɗinki a Kurna shekara biyu, zamanin da 'yan acaɓa ke cin karensu ba babbaka. An hana acaɓa a birnin tun 2013, amma taswirar da ke kansa ba ta ji labari ba. Yana zaune a gaba, gwiwar hannu a taga, yana ba direban da ke bin hanyar kullum umarni. A Kabuga zai ce a zagaya shataletale, sai a ga titi ya nutse ƙarƙashin ƙasa. Abu ɗaya yake faɗa daidai, cewa ta wajen Ƙofar Kabuga sojojin Turawa suka shiga Kano a 1903, kuma da wannan gaskiya guda zai yi mulkin kwana biyu. In aka isa Gadar Dangi mai hawa uku, aka bi hannun da ya nuna, aka tsinci kai ana fuskantar Zariya, ba zai ce ya ɓata ba. Cewa zai yi gwamnati ce ta lalata hanya.

Bayansa akwai Kawu. Kowace tafiya tana da Kawunta, dattijo mai babbar riga da carbi, wanda aka ɗauko don albarka. Bai yi musu da tsarin kowa ba, Dala ko gidan zu duk ya ce madalla. Sai an shiga gari zai yi gyaran murya: "Ku ɗan biya da ni Ɗorayi, akwai ta'aziyyar da ban yi ba, minti biyar ne." Minti biyar ɗin Kawu akwai shimfiɗa tabarma a ciki, da ruwa, da fura, da shiga cikin gida gaida mata, da jiran maigida ya dawo daga masallaci, da "ai ba kwa tafi ba ku ci abinci ba". Ana fitowa sai ya tuna barkar haihuwa a Gwammaja, da surukin ƙaninsa da ke kwance a Tudun Maliki. Samari na cikin bas suna huci, ba mai iya ɗaga murya. Kuma gaskiya Kawu yana da hujja. Dala ba ya fushi in an wuce shi, amma in labari ya koma gida cewa wane ya shiga birni har ya kwana bai leƙa gidan wance ba, maganar za ta kai damina ana yi. Shi ya sa ayari da yawa kan dawo sun ga zaure goma sha, ba su ga ko ƙofar gidan tarihi ba.

Sai mai lissafi. Shi naira ba ta da ma'ana a wurinsa sai ya mayar da ita tiya. Kasuwar Dawanau, wadda ake ji da ita a harkar hatsi a Afirka ta Yamma, maƙwabciyarsa ce, farashinta yana bakinsa. Kuɗin shiga gidan zu, tiyar masara kaza. Kofin askirim, rabin tiyar wake. Kwanan otal kuwa ko a mafarki. Yana tafe da ƙullin dambu da ƙuli-ƙuli a aljihun gaba, kuma shi ne zai shiga katafaren kanti inda aka manna wa kowane kaya farashi, ya ɗauki kwalbar turare, ya dubi yarinyar da ke kan na'ura ya ce, "To 'yata, nawa za ki bari?" Ana yi masa dariya, amma ranar Lahadi da yamma wurinsa ake rancen kuɗin mai.

A gidan zu na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin gwamnan da aka sa wa sunansa, nan manomi na ainihi yake fitowa fili. Yaran birni suna ihu suna nuna birai, shi kuwa ya goya hannu a baya yana duba dabbobi da idon mai kiwo. Jimina ta rame, ba a ba ta dusa. Kura ya harare ta, don akwai tsohuwar gaba tun ta kakanni. A gaban kejin zaki tambayarsa ɗaya: akuya nawa yake ci a mako, kuma wa ke biya? Daga nan sai ya ja ma'aikaci gefe, ya sassauta murya, ya tambayi abin da ya fi damunsa tun shigowa: "Malam, don Allah takin nan ina kuke kai shi?" Kada a raina tambayar. Gonakin da ke kewaye da Kano ana noma su shekara da shekaru ba hutu, kuma abin da ya riƙe su shi ne taki. Kakanninsa da jakuna suke shiga birni da itace, su fito da mangala cike da shara da toka zuwa gona. Jikan ya zo kallon namun daji ne, amma jinin bai bar shi ba.

Ba a rasa wanda zai nemi a nuna masa goggon birin da ya haɗiye kuɗi. A watan Yunin 2019 labari ya karaɗe duniya cewa naira miliyan 6.8 ta kuɗin shiga ta ɓace, wai goggon biri ya haɗiye, har Gwamna Abdullahi Ganduje ya fito ya ce gidan ba shi da goggon biri ko ɗaya. Wannan bai hana mutane tsayawa gaban kowane ƙaton biri suna duban cikinsa ba.

A watan Oktoban shekarar kuma zaki ya kuɓuce daga kejinsa kafin a samu a mayar da shi. Mai tsoron cikin ayari kuwa wannan labarin ya riƙe. Ba ya nisa da ƙofar fita. Tun daga gida matarsa ta ɗinke masa kuɗi a cikin wando, waya tana cikin safa, hannu ɗaya kan aljihu ko a sahun salla. Ƙwacen waya gaskiya ne a Kano, ba wanda zai ga laifinsa, sai dai nasa ya wuce gona da iri: wanda ya yi masa sallama ɗan damfara ne, wanda bai yi ba ɗan daba ne. Haka zai gama kwana biyu bai ga komai ba sai hannayen mutane.

Kishiyarsa shi ne mai hoto. Saurayi ne, ya sha farar shadda da agogo, wayarsa a sama tun daga Janguza. Burinsa na farko Shoprite, kuma ba ya yarda in an ce masa kantin ya rufe reshensa na Kano tun Janairun 2024. Ginin Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014 yana nan a titin gidan zu, sunan Shoprite kuma ya manne a bakin 'yan adaidaita sahu, to shi ke nan, a wurinsa magana ta ƙare. Zai tsaya jikin motar da ba tasa ba, ya riƙe kwalin kayan da bai saya ba. A kan Dala, inda mutum ke hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci da rufin gidajen tsohon birni har iya ganinsa, shi baya yake juya wa birnin don ya samu fuskarsa ta fito. Wurin da ake jin masa tsoro shi ne marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa kafuwarta tun 1498. Rijiyoyin rini ne a jere a ƙasa, bakinsu daidai da tafin ƙafa, cike da ruwan baba da toka da kanwa. Marini na zaune a bakin tasa, yana tsoma zane yana ɗagowa ya sha iska, launin na juyawa daga kore zuwa shuɗi a hannunsa, can gefe kuma ana jin 'yan bugu suna dukan yadi da ƙotar icce. Mai hoto zai fara ja da baya, ido a kan waya, yana neman kowa ya shiga. Marinan sun saba. Ba tare da ɗaga kai ba wani zai ce, "Samari, taku ɗaya ya rage maka ka koma gida da shuɗiyar shadda."

Hawan Dala kansa yana raba mutane. Akwai masu ƙirga matakala, waɗanda ba a taɓa samun biyu sun sauko da lissafi ɗaya ba. Akwai mai ƙiba da ke tsayawa a tsakiya ya ce dama iska ya zo sha. Akwai kuma ustazu, wanda da ya ji an ambaci Barbushe da Tsumburbura sai ya yi a'uziyya ya ce zai jira a ƙasa, ya tsare takalma.

Gidan Makama ne ke ba mutanen karkara mamaki, amma ba irin wanda aka zata ba. Gidan yana daura da fadar sarki, ana danganta gininsa da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan sarakuna suna sa kowa ya yi tsit. Sai an iso wajen kayan gargajiya a ji Gwaggo ta tafa hannu. Ƙwarya ce, da tukunya, da akushi, da kayan kaɗi. "Yanzu kuɗi muka biya mu ga wannan? Ai na ɗakin Inna ya fi shi kyau!" Mai bayani yana ƙoƙarin faɗin yadda mutanen da suke amfani da abin, ita kuwa tana gyara masa, don jiya ma ta yi amfani da shi. A nan mai gardama ke samun abin yi. Duk shekarar da aka faɗa sai ya ce ba haka ya ji a wurin kakansa ba.

Gwaggon nan, in an bibiya, ba don tarihi ta shigo mota ba. Tun daren Juma'a matan unguwa suke sallama, kowace da ƙullin kuɗi da ɗan ƙyalle: atamfa irin wannan, leshi kalar wancan, ankon bikin wance turmi shida. Ta ce a sauke ta Kantin Kwari, yanzu za ta fito. Wanda ya san Kwari ya san ba a shiga a fito yanzu. Layi ne cikin layi, 'yan dako na ihun a ba su hanya, yaran shago na kiran "Hajiya, shigo ki gani, gani kyauta ne." Za ta taya a shago bakwai, ta koma na farko ta saya. Da la'asar za ta ɓullo da ɗan dako a baya, an rasa inda za a sa kayan, a ƙarshe mai lissafi ne zai riƙe buhun atamfa a cinya har gida.

Wanda ya fi kowa ban dariya bai shigo bas ɗin ba sam. Shi ne mai masauki, ɗan'uwan da ya baro Tofa shekara ashirin, ya yi gida a Rijiyar Zaki ko Ɗorayi, yana aiki ko kasuwanci. Da fara'a zai tarbe su, "Mutanen ƙauye, kun sha hanya," idonsa na kan but ɗin mota ko an zo da ɗan gero. Ya saya musu gurasa bandashe da balangu, ya shimfiɗa katifu a falo, ba laifi. Sai dare ya yi, baƙi na ba da labarin abin da suka gani, a juyo gare shi a tambaye shi matakalar Dala nawa ce. Nan zai fara sosa ƙeya. Bai taɓa hawa ba. Gidan Makama ta tagar adaidaita sahu yake ganinsa. Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, ko hanyarsa bai sani ba. In an matsa masa ya ce ai waɗannan wurare na yara 'yan makaranta ne da Turawa. Washegari 'ya'yansa ne za su maƙale wa baƙin, suna roƙo a tafi da su su ma su ga birni.

Duk mai shirin haɗa irin wannan tafiya ya dubi kalanda kafin ya karɓi kuɗin mutane. Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce a Kano, ba a barin motoci su yi yawo da safe sai ƙarfe goma. Ya zaɓi wata Asabar ɗin, ya fara da Dala tun rana ba ta yi zafi ba, gaishe-gaishen Kawu kuma a lallaɓa shi ya bari sai Lahadi.